Tambaya da Amsa: Jami'a na kusa da mu, amma ɗalibaina ba su taɓa riƙe buret ba

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin wannan karon kusan duk daga malaman kimiyya suka fito, har da wani lakcara da wani shugaban PTA, kuma duk magana ɗaya suke zagayawa, wato yadda malamin firamare da na sakandare zai ƙaro ilimi yana bakin aiki, da kuma abin da jami'o'inmu za su iya yi a kai. Kamar kullum mun cire sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni malamin kemistiri ne a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a jihar Katsina, SS1 har SS3 duk ni kaɗai ne. Lab ɗinmu suna ne kawai, ɗaki ne da tebura, buret ɗin da muke da su ma, wato dogayen bututun gilashin nan na awon sinadari, famfonsu na yoyo, yara sai ranar firatikal na WAEC suke fara ganin kayan da idonsu. Ni kaina wallahi tun da na gama makaranta ban sake haɗa solushan da hannuna ba. Ga jami'a nan kusa da mu, mota ɗaya ce za ta kai ka, amma ban san ta inda zan fara ba kuma ina jin nauyi kar in je a ce me ya kawo malamin sakandare nan. Suna taimakawa kuwa, ko ɓata lokaci ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri, ya ba da ladan alli. Da farko cire wannan jin nauyin daga ranka, ba roƙo za ka je ba. Aikin jami'a uku ne, koyarwa da bincike da hidimar al'umma, kuma wannan na ukun ana tambayar lakcara a kansa lokacin ƙarin girma, saboda haka da yawansu ma nema suke su samu makarantar da za su yi wa wani abu a rubuce, ba su san ta inda za su same ku ba ne kamar yadda kai ma ba ka san ta inda za ka same su ba.

Kuskuren da makarantu suke yi shi ne su rubuta doguwar wasiƙa zuwa ga shugaban jami'a suna cewa a taimaka musu da kayan lab. Wannan takardar sai ta yi wata da watanni tana yawo daga ofis zuwa ofis, kuma ko ta isa, kayan jami'a kayan gwamnati ne masu lamba a jiki, ba wanda zai ɗauka ya ba ka haka kawai. Abin da za ka yi, firinsifal ɗinka ya sa hannu a gajeriyar wasiƙa zuwa ga HOD, wato shugaban sashen kemistiri, kai da kanka ka kai hannu da hannu, kuma ka faɗi abu ƙwaya ɗaya da kake so. Misali ka ce kana neman a ba ka dama kai da malaman kimiyya na makarantun da ke kewaye da ku ku zo ranar Asabar ko lokacin da ɗalibansu suke hutu, a nuna muku yadda ake haɗa solushan da yadda ake taitireshan, wato ɗiga asid daga buret cikin alkali har launi ya juya. Wannan abu ne da HOD zai iya cewa to nan take, don bai ci masa komai ba in ban da ɗan asid da ruwa.

In ka shiga sashen, ka nemi babban teknolojis na lab ɗin ka gaishe shi da kyau, ka karɓi lambarsa. Shi ne mai makulli, shi ne yake haɗa wa 'yan aji ɗaya kayan firatikal duk shekara, kuma hannunsa ya fi na farfesoshi da yawa sabo da wannan aikin. Shi zai nuna maka ƙananan abubuwan da littafi ba ya tsayawa a kai, cewa ana ɗauraye buret da ɗan asid ɗin da za a zuba kafin a cika ta, cewa sai ka kori kumfar iskar da take maƙalewa a ƙasan famfo in ba haka ba lissafinka ya tashi aiki, cewa idonka zai daidaita da saman ruwan ka karanta daga ƙasan ɗan lanƙwasan nan, ka sa farar takarda a ƙarƙashin kwalbar don ka ga daidai lokacin da methyl orange, sinadarin da ake ɗigawa don ya nuna launi, ya juya daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan lemo, digo ɗaya ne tsakani. Sannan abin da ba na so ka manta ko a mafarki, in za ka sirka asid mai ƙarfi, asid ɗin ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid, don zafin da yake tasowa zai iya fantsamo maka shi a fuska.

Na ce kai ka fara zuwa kafin yara da gangan. Ziyarar ɗalibai tana da kyau, yaro ya ga jami'a da idonsa yana sa masa buri, amma in ka kwashi yara sittin ka kai su lab na awa biyu, kallo za su yi su ɗau hoto su dawo. Kai kuwa in hannunka ya faɗa, duk ajin da zai biyo ta gabanka nan da shekara ashirin ya amfana. In kun tashi kai yaran daga baya, ka tabbata akwai izinin ofishin ilimi na shiyya da na iyaye a rubuce, kuma in da 'yan mata a tafi da malama mace.

Akwai wasu ƙofofin kuma. Tsangayar ilimi tana turo ɗaliban tichin firatis makarantu duk shekara, malaman da suke zuwa duba su ka riƙe su, su ne mafi sauƙin hanya. Akwai ƙungiyar ɗaliban kemistiri, SCSN, yaran nan suna da zafin nama kuma suna son fita makarantu. Ka kuma duba abin da ake yi a Damaturu, inda Dokta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafa cibiyar bincike da horo ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe a 2021, mutum ne da ya daɗe yana kai kimiyya wajen ɗalibai da malamai tun kafin cibiyar, wannan ya nuna maka abin yana yiwuwa a nan Arewa.

Kafin duk wannan ya kankama, gobe ma za ka iya fara wani abu. Ka jiƙa zoɓo a ruwan zafi, ba sukari ba citta, ka tace ka sirka shi ya yi haske, ka zuba a kofunan roba masu garai-garai guda uku. Na farko ka matsa lemon tsami, zai ƙara ja. Na biyu ka bar shi yadda yake. Na uku ka ɗiga ruwan kanwa ko ruwan toka, a gaban idon yaran zai rikiɗe ya yi duhu ya koma wajen kore. Sinadarin da yake ba zoɓo launinsa shi ne yake canzawa in ya haɗu da asid ko alkali, indiketa ke nan. Sai ka ce kowa ya zo da abu daga gida, tsamiya, omo, ruwan sabulu, nono, su gwada su rubuta abin da suka gani. Bai maye gurbin lab ba, kar wani ya fake da shi ya ce ba sai an sayi kaya ba, amma yaron da ya yi wannan ba zai tsorata ba ranar da aka miƙa masa buret.

TAMBAYA: Malam barka da warhaka. Ni malama ce a firamare a jihar Zamfara, ina koyar da besik sayans. Gaskiya na gaji da maganar wokshop ɗin nan, a tara mu a babban ɗaki mu fi ɗari, wani ya zo ya yi ta karanto abu daga majigi, a ba mu jaka da biro da alawus da satifiket, mu koma aji mu ci gaba da yadda muka saba. Wani lokacin ma waɗanda ake turawa ba masu koyar da darasin ba ne, wanda ya san wani ne. Akwai wani amfani a ciki kuwa?

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Maganarki gaskiya ce kuma tana ci mini rai, don kuɗin nan ba kyauta wani yake yi muku ba. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, kuma a cikinsa akwai kason da aka keɓe musamman don horas da malamai, wanda yake biyowa ta UBEC zuwa SUBEB na jihohi. Haƙƙinku ne da na yaran da ke gabanku, in aka tura wanda ba ya shiga aji an ci amanar yara ne kai tsaye.

Abin da yake kashe irin wannan bitar guda biyu ne a ganina. Na ɗaya tsarin a horas da mutum goma su je su horas da ɗari su ma su horas da dubu, kafin abin ya iso kanki ya tsinke, wanda yake gabanki shi ma ji ya yi bai taɓa gwadawa ba. Na biyu ba mai biyo ki aji daga baya ya ga ko abin ya zauna. Koyarwa kamar girki ce, ba a iya ta da sauraro, sai kin tsaya a gaban murhu wata ta ɗanɗana ta ce gishiri ya yi yawa.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ki tambaya a ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku ko akwai waɗanda suka taɓa yin horon SMASE. Shiri ne na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya wanda aka fara a Kenya a 1998 da taimakon hukumar JICA ta Jafan, ya shigo Najeriya a 2006, aka fara gwada shi a jihohin Kaduna da Neja da Filato kafin a faɗaɗa. Abin da na so a tsarinsu shi ne malami ba ya zama yana rubutu kawai, a nan wajen zai tsara darasi, ya haɗa kayan koyarwa da abin da ke kewaye da shi, gwangwani, robar ruwa, murfin lemo, ya tashi ya koyar a gaban 'yan uwansa, su gaya masa inda ya yi daidai da inda ya kauce, ya gyara ya sake. Tsara, aikata, duba, gyara, haka suke juya shi.

To wannan ɗin ba sai kin jira an kira ki ba. Malaman Jafan sun daɗe suna yi a tsakaninsu a cikin makaranta. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ko da daga makarantu biyu ne, ku ɗauki darasin da yake ba yara wahala, a ce yadda ruwa yake zama tururi ya koma ruwa, ku tsara shi tare, ɗaya ta koyar sauran su zauna a bayan aji, amma ba malamar za su sa wa ido ba, yaran za su kalla, wa ya gane, wa ya yi shiru, wace tambaya ce ta rikita su. Bayan an tashi ku zauna minti talatin ku tattauna. Sau ɗaya a wata ya isa. Ki nemi yardar hedimasta tun farko don kar a ɗauka wata ƙungiya kuke haɗawa. In abin ya ɗan zauna sai ku gayyato wani malami daga kwalejin ilimi mafi kusa, ku a Gusau ma kuna da FCE Technical ta mata, ya zo ya zauna a bayan aji tare da ku.

Wokshop kuma in an kira ki kar ki ƙi zuwa. Ki je da tambaya ɗaya takamaimai daga ajinki, ki ɗaga hannu ki yi ta, ki karɓi lambar wanda ya ba ki amsa mai ma'ana.

TAMBAYA: Salam. Na karanta fiziks, ina da digiri, yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kano. An ce wai ni ba cikakken malami ba ne tunda ban yi edukeshan ba. Me ya kamata in yi? Kuma makarantar ba ta da kayan fiziks ko kaɗan.

AMSA: Ɗan'uwa a wajen doka haka abin yake. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, mai digirin da ba na ilimi ba kuma sai ya ƙara da PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, sannan ya zauna jarabawar TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa da dokar 1993, ya karɓi lasisi. PGDE ɗin ba sai ka bar aiki ba. NTI ta Kaduna, wadda aka kafa a 1976 don horas da malaman da ke bakin aiki, tana yin sa a cibiyoyinta na jihohi, NOUN, jami'ar karatu daga gida, ma tana yi, haka BUK a nan kusa da kai, haka ABU Zariya da take da Cibiyar Ilimi tun 1965. Ka shiga da niyyar koyo don Allah, ba don takarda kawai ba, domin sanin fiziks daban, sanin dalilin da ya sa yaro ɗan shekara 15 yake rantsuwa cewa dutse babba zai riga ƙarami faɗowa shi ma daban.

Maganar kaya, ka samu zare mita ɗaya da ɗan ƙarfe ko kwaɗon ƙofa, ka rataye a ƙusa, ka ɗan ja shi gefe kaɗan ka saki, yara su ƙirga zuwa da dawowa sau 20 da agogon waya. Za su samu wajen sakan 40, wato sakan 2 kowane zagaye, daga nan su lissafo g, wato ƙarfin jan ƙasa, da kansu su ga ta faɗo kusa da 9.8. Ka canja nauyin ƙarfen su ga lokacin bai canja ba, ka rage tsawon zaren su ga ya ragu. Sannan ka sauke PhET, manhajar gwaje-gwajen kimiyya, a kwamfuta, Jami'ar Kolorado ta Amurka ce take yin sa kyauta tun 2002, Carl Wieman wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 2001 shi ya assasa shi, akwai gwajin lantarki da haske da motsi, kuma in ka sauke ba ya buƙatar data.

TAMBAYA: Malam ni lakcara ne a sashen bayoloji a wata jami'ar jiha. Duk shekara muna ganin 'yan aji ɗaya da ba su taɓa leƙa maikiroskof ba, muna ta zargin malaman sakandare. Yanzu ina so ni da abokan aikina mu yi wani abu, amma sashe ba kuɗi. Ta ina za mu fara?

AMSA: Dokta Allah ya ƙara girma, saƙonka ya faranta mini rai ƙwarai. Ka lura da abu ɗaya, malaman nan da ake zargi ɗalibanku ne na jiya, ku kuka yaye su, in sun fita ba su iya saita maikiroskof ba to ta lab ɗinku suka biyo. Saboda haka ba alfarma za ku yi ba, ƙarasa aiki ne.

Ku fara da malamai, kuma kaɗan, kamar 15 daga makarantun da ke kusa da ku yadda kuɗin mota ba zai zama matsala ba. Kafin ku tsara komai ku je ku zauna a ofishin malamansu ku tambaye su wane babi ne suke tsallakewa in sun zo kansa, za ka sha mamaki, wani jenetiks ne, wani zanen sfesimen ne da yadda ake sa masa suna da girman zane kamar yadda WAEC da NECO suke so. Ku ɗauko manhajar sakandare ku karanta, don abin da kake bincike a kai na digirin dokta ba shi ne damuwarsu ba. Ranar da suka zo kuma a ajiye majigi, kowa ya ɓare fatar albasa da hannunsa, ya shimfiɗa a gilashi, ya ɗiga aidin, ya nemo ƙwayoyin halittar da kansa ya zana. Kuma don Allah a girmama su, a kira su malamai, a zauna a ci abinci tare, akwai wanda a cikinsu ya shekara 25 yana riƙe da aji mai yara sama da ɗari, yana da abin da zai koya muku ku ma.

Abin da ya fi komai shi ne komawa. Bayan wata ɗaya ɗayanku ya je makarantar ya zauna a aji, ku buɗe guruf na WhatsApp inda malami zai turo hoton abin da ya gagare shi a ba shi amsa a ranar. Yawancin makarantu ma za ku tarar akwai maikiroskof a kwali a sito, an kawo tun da daɗewa ba a buɗe ba don tsoron kar ya lalace a ce a biya, wani kuma ƙura ce kawai ta rufe madubin, teknolojis ɗinku zai gyara shi a zama ɗaya. Inda babu ko ɗaya ku duba Foldscope, maikiroskof ne na takarda da Manu Prakash da Jim Cybulski suka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford, yana girmama abu sau 140 kuma yana da araha sosai. In kun shiga siton ku duba tsofaffin kwalaben sinadarai da takardar jikinsu ta goge, ku taimaka a kawar da su ta hanyar da ta dace, malamai da yawa suna zaune da haɗari ba su sani ba.

Kar ka ga kamar sabon abu ne. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka ɗauki ajin firamare suka koyar da su shekara shida da Yarbanci, har da lissafi da kimiyya, malaman jami'a suka zauna da malaman firamare suka rubuta littattafan tare, suka yi ta horas da su shekara bayan shekara. Mu ma nan da Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, an haɗa lab mai kaya da malaman da suka iya amfani da shi, kuma kowa ya ga likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. Maganar kuɗi, ku fara da abin da ke hannunku, ku rubuta rahoto da hotuna da sunayen makarantu, da shi za ku tunkari shugabannin jami'a ko ma'aikatar ilimi ko tsofaffin ɗalibai, an fi sakin kuɗi ga abin da aka ga ya riga ya fara tafiya.

TAMBAYA: Ni shugaban PTA ne a wata sakandaren 'yan mata a Jigawa. Mun tara ɗan kuɗi, wasu sun ce a yi fenti, wasu sun ce a tura malaman kimiyya taro. Mene ne shawararka?

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara arziki. In rufi ba ya yoyo kuma banɗakin yaran yana da kyau, ni ina bayan malamai. Ku biya musu rajistar STAN, ƙungiyar malaman kimiyya ta Najeriya da take nan tun 1957, tana da rassa a jihohi, tana shirya bita ta kowane darasi da babban taro duk shekara. Sai dai ku sa sharaɗi a rubuce, wanda za a tura ya zama shi ne yake shiga ajin, in da malama mace a cikinsu a fara da ita don 'yan matan su ga tasu a gaba, kuma duk wanda ya dawo zai tara sauran malamai ya yi musu gwajin da ya koyo a gaban firinsifal da wakilin PTA cikin sati biyu. Ku rage wani abu a kuɗin don sayen kayan da gwajin yake buƙata, malamin ya rubuto muku jerinsu da farashi kafin ya tafi.